Takalmi Ɗaya na Kakana

Ranar da kakana ya isa masallacin Juma'a da takalmi ɗaya, labarin ya riga shi komawa gida, kuma kafin la'asar ya same ni har cikin Tawa, inda nake koyarwa a lakkol, wato makarantar boko. Innata ce ta kira ni a waya. Ta ce tsohon ya fito da takalma biyu, ya ratsa kasuwa yana gaisawa da mutane, sai da ya sunkuya a ƙofar masallaci zai tuɓe ya tarar ƙafar hagu babu abin tuɓewa. Mai ƙosai ce ta tsinci ɗayan a gaban kaskonta. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Inna ba ta yi dariya ba, ta ce in na samu hali in zo.

Kakan nan nawa mahaifin innata ne. Ƙauyenmu yana arewa da Tawa, wajen Barmu, kuma yana da garkar albasa a fadamar da ke gabas da gari. Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma ina ce masa ango, kuma babu abin da ba na gaya masa. Na taɓa ce masa kunnuwansa sun isa a yi fifita da su, ya ce ai shi ya sa ba ya jin zafi. Mahaifiyarsa daga Buzayen wajen Takanamat take, a hannun kawunnansa ya tashi, a can ya koyi naɗa baƙin rawani da jan amawali ya rufe baki da hanci. Dogo ne, siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi.

'Ya'yansa maza duk sun tafi bida, wato ci-rani, wani Abijan, wani Libiya, kamar yadda samarin yankinmu na Adar suka saba. Saboda haka babana, surukinsa, shi ya shiga garkar yana taya shi. A nan abin dariyar yake, domin kunyar da ke tsakanin mutanen nan biyu ta fi ƙarfin misali. Tun kafin a haife ni suke aiki wuri ɗaya, amma babana bai taɓa ganin bakin kakana ba, kuma ba su taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba. In akwai saƙo, jaki ake ba. Babana zai dubi jakin da ke ɗaure a gindin gawo ya ce, “A hwaɗa ma mai garka ruwa sun kai ƙarshe.” Kakana ya dubi jakin shi ma ya ce, “A ce mishi a kashe inji.” Jakin nan ya san sirrin gidanmu fiye da kowa, Allah Ya sa ba ya magana.

Da Asabar ta zo na hau mota na tafi. Na tarar da shi a zaure yana dafa shayi.

“Amarya, kin zaka ki gani ko na mutu ki ci gado?”

“Wane gado, ango? Takalmi guda?”

“Takalmin na yag gaji da ni,” in ji shi. “Ba ni nig gaji da shi ba.”

Muna cikin wannan ya ɗaga buta zai zuba shayi daga sama kamar yadda ya saba, sai ƙaramin kofin ya suɓuce daga yatsunsa ya faɗi cikin toka. Ya ce kofin ne ke da santsi. Na dubi rawaninsa na ga ya karkace, shi da yake naɗi kamar an auna da ma'auni. Sannan idona ya sauka kan tafin ƙafarsa da ya miƙe. Ƙayar aduwa ce a ciki, ta shige sosai, wurin har ya kumbura. Na ce ya tsaya, na kama na zare, ina jiran ya zabura ya zage ni. Bai ko motsa ba. Tambayata ya yi me nake nema a ƙafar mijina tun ba a ɗaura aure ba. A nan dariyata ta tsaya, tsoro ya kama ni.

Da na matsa masa sai ya faɗa mini. Ya ce an daɗe yana jin kamar a kan auduga yake tafiya, wani lokaci kuma kamar tururuwa na yawo a cikin ƙafafun. Yatsun hannu ma sun fara. Ya ja ni kusa ya rage murya.

“Kak ki hwaɗa ma uwarki. In sunka ji, za su zamnar da ni gida awa turmi. Ranar da anka hana ni garka, ko wani ƙato yan naɗa min rawani, ku gina min rame.”

Ai kuwa kowa ya riga ya sani, kuma kowa da nasa bayanin. Inna ta ce sanyi ne. Maƙwabciyarmu ta ce ya taka abin da ba a takawa a gindin gawo. Abokan hirarsa suka ce tsufa ne kawai, su ma suna hanya. Ni na ce ko maganin ƙwarin da suke fesa wa albasa ne, don na ji ana maganarsa a rediyo. Kakana ya yi dariya har amawali na rawa.

“Ubanki ba shi feshi? Magani guda, garka guda, rana guda. Dube shi, awa san huɗa. Ko maganin ya san surukai na, shina jin kunyar guda?”

 Gaskiya ce, babana ƙato ne mai wuya kamar turmi, ko mura ba ta cika kama shi ba. 

Washegari ranar feshi ce. Na karɓi ƙwaryar fura daga hannun Inna na ce ni zan kai musu, na samu wuri a kan shinge na zauna ina kallo. Lokacin zafi ya fara shigowa, albasa ta kusa ƙosawa, rana tun da hantsi ta fara cizo.

Kakana ne ya haɗa maganin, don babba ne ke haɗawa. Ya tsiyaya a bokiti, ya zuba ruwa, ya nemi kara bai gani kusa ba, ya sa hannu ya motsa. Ya ajiye takalmansa a kan shinge, wai laka na cinye su, ya shiga fangalin albasa da ƙafafun nan masu faso kamar ƙasar tabki in ta bushe. Kowannensu ya goya famfon feshinsa. Babana ya nufi gabas, inda babu ko ɗigon inuwa. Kakana ya tsaya yamma, kusa da gawo. Na san dalili ba tare da an gaya mini ba, babana ya bar wa surukinsa gefen inuwa ne don girmamawa. Sai dai iska daga gabas take busowa a wannan lokacin na shekara. Duk abin da babana ya fesa, rabinsa na sauka kan albasa, saura iska ta kwashe ta kai wa tsoho, ga kuma nasa famfon da ke yoyo a gadon baya.

Can da rana ta take, na ga babana ya sulale bayan rijiya inda ba a hango shi. Ya tuɓe riga, ya sheƙa ruwa a jiki, ya wanke hannu da fuska, ya yi mini alama na kai masa fura. Ya sha ya ƙoshi, ya ƙara da ruwa, ya yi gyatsa a hankali don kada a ji. Na ɗauki sauran na kai wa kakana.

“Ango, ga hura.”

Ya dubi wajen rijiya, ya dubi jaki. “A aje. Ba ni jin yunwa.”

“Tun sahe mi ka ci?”

“Shayi.”

Ba zai sauke amawali ya sha komai ba muddin surukinsa na cikin garka, ko da kuwa bayan rijiya yake, don yana iya fitowa. Haka yake wuni, ciki babu komai sai shayi mai sukari kamar zuma. Na matsa kusa da shi sai wari ya buge ni. Amawalin ya jiƙe sharkaf da zufa da feshi, ya manne masa a baki da hanci. Na ce me ya sa ba zai sauya ba, ya ce ai wannan ne kariyarsa, da shi ya fi masu sa ƙyallen likita a hanci. Da shi zai koma gida, da shi zai yi sallah, da shi zai zauna hira. Wanki kuwa sai an yi da gaske, wai ruwa na kashe baƙin.

Kai shi Tawa ya fi kai akuya kasuwa wuya. Sai da na ce in bai bi ni ba zan auri mai ƙosai, ya ce ai mace ce, na ce to ko ita ta fi shi riƙon takalmi. Da dariya muka hau mota. Babana ya biyo mu a kan moto, wato babur, ya tsaya a waje, don ba zai shiga ɗakin da za a ce surukinsa ya buɗe baki ba.

Lokotoron da muka samu a asibiti mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta sa ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zare mai tauri tana tambaya ko ya ji. Wani wuri ya ji, mafi yawa bai ji ba. Aka ɗibi jini, aka ce yana da ciwon suga wanda ya daɗe bai sani ba. Ta tambayi aikinsa, ya ce noma kawai. Ni na kwashe duk abin da na gani daga kan shinge na zuba mata, yana harara ta ta saman amawali. Da na gama ya kawo hujjarsa ta kullum, cewa surukinsa ma yana feshi.

Ta cire tabarau ta ce, “Baba, sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Naka bangon ya tsage wuri da yawa.”

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda zai gane. Ta ce suga shi kaɗai yana cin jijiyoyin ƙafa, to ga dafi ya tarar da su sun riga sun raunana. Ta ce jikin tsoho ba ya fitar da dafi da sauri kamar na mai ƙarfi, balle jikin da bai ci ba bai sha ba. Zafi da zufa suna sa fata ta sha abin da ya zauna a kanta, faso kuma ƙofa ce a buɗe. Wanda iska ke kai wa feshi ya fi mai feshin shaƙa. Ƙyallen da ya jiƙe da magani kuwa, in ya wuni a kan baki, ya daina zama kariya. Surukinsa yana ci, yana sha, yana wanka, iska na bayansa, shi ya sa magani ɗaya ya yi musu aiki biyu. Ta ce ba za ta iya raba masa nawa ne na suga nawa ne na magani ba, amma feshi ya ƙare masa daga yau. Hannu yana iya dawowa, ƙafa kuwa sai abin da Allah Ya yi, don jijiya ba ta gaggawar warkewa. Ta rubuta magani, ta ce kada ya sake taka ƙasa ba takalmi, kuma kullum wani ya duba masa tafin ƙafa, don ƙaya na iya zama gyambo bai sani ba. Ta nuna mini yadda zan riƙa gwada shi da tsinken tsintsiya.

A hanyar komawa bai ce mini amarya ba ko sau ɗaya. Da muka isa gida ya ce likitocin birni ba su san albasa ba, gobe zai koma bakin aikinsa. Inna 'yar fari ce, ba ta iya ɗaga ido ta dube shi, balle ta ce masa kada. Babana kuwa ko jaki ya aika, ba zai iya haɗa wannan saƙon ba. Na fahimci duk gidan ni kaɗai ce Allah Ya ba lasisin rashin kunya, na ce to yau zan ci amfaninsa.

Da azahar ya shiga wanka ya rataye rawanin a kan katanga. Na ɗauke shi na jefa a kwano, na zuba ruwa da sabulu. Ruwan farko da ya fito warinsa sai da ya kori kaji daga tsakar gida. Na zubar can nesa a rami, na sake, na sake, har hannuna ya gaji. Kakana ya fito ya laluba katanga bai ji komai ba. Ya leƙo ya gan ni ina matsewa.

“Ke! Ɗiyar nan, kin kashe ni.”

Ya ruga zaure kansa a buɗe, yana neman ko buhu ne ya rufa. Ni kuma ina biye da shi ina cewa ashe angon nawa kyakkyawa ne aka ɓoye mini. Daidai nan babana ya yi sallama ya shigo da maganin da ya tsaya saye a Tawa. Babu jaki, babu amawali, babu wurin gudu. Suka tsaya suna kallon juna. Babana ya dubi bakin tsohon, ya juyo ya dubi nawa, ya sake duban nasa. Wushiryar da ake tsokanata da ita tun ina yarinya, wadda aka rasa daga inda na gado ta, ga ta nan zaune a bakin kakana.

“Ashe nan ta,” in ji babana, bai san maganar ta fito ba.

Kakana ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi, dariya ta ƙwace masa, wushiryar ta ƙara fitowa. Ni na riga na kwanta a tabarma. Amma babana bai daɗe yana dariya ba. A waje lokotoro ta yi masa bayani, ya taho da abin a ransa tun daga Tawa. Ya durƙusa, ya dubi ƙasa, ya yi magana da surukinsa kai tsaye, karo na farko da na taɓa ji.

“Baba, ni nib ba ka yamma. Inuwa nika nema maka, ban san abin da nika aiko maka ba. Ka bar min feshin. Garka taka ta, ba mai hana ka ita.”

Muryarsa ta karye a ƙarshe, ƙaton mutum kamar wannan. Na ji tausayinsa ƙwarai, don shekara da shekaru yana shan rana saboda ladabi, ladabin kuma ya juya ya ciji wanda ake yi wa.  Kakana ya ce a miƙo masa ruwa. Na miƙa masa moɗa, ya kafa kai ya sha a gaban surukinsa har ya shanye, ya ce ashe ruwan rana daɗi gare shi, an cuce shi da daɗewa.

Babana ya kafa masa rumfa a gabashin garka, kusa da rijiya, inda iska ke fitowa. A nan yake zama yanzu da tulun ruwa da ƙwaryar fura, yana ba da umarni kamar kwamanda. Ranar feshi ba ya zuwa sai washegari, babana kuma ya koma yi da sanyin safiya, da safar hannu da dogayen takalman roba, in ya gama ya yi wanka ya wanke kayan. Na sayo wa kakana irin takalman shi ma a kasuwar Tawa, ya ce sun mai da shi kamar ɗan kwana-kwana, amma aƙalla ba sa gudu su bar shi. An rage sukari a shayi, abin da har yau bai yafe wa lokotoro ba. Rawani ya zama biyu, ana wanke ɗaya yana sanye da ɗaya. Jaki ya rasa aikinsa na ɗan aike, sai dai in sun yi saɓani a kan ruwa, nan ne ake tuna da shi.

Hannun ya dawo sannu a hankali. Bayan damina na zo na tarar da naɗinsa ya miƙe tsaf kamar da, ya zuba mini shayi daga sama ko ɗigo bai zube ba, yana kallona ta gefen ido don in yaba. Na ce ba laifi, za a iya ɗaura auren.

Ƙafar ce ake jira. Duk zuwan da na yi sai na karyi tsinken tsintsiya na ce ya rufe ido. Da farko yana faɗin gaskiya, nan ya ji, nan bai ji ba. Daga baya sai ya fara ji ko'ina, ina murna ina kiran Inna ta zo ta gani. Zuwana na baya-bayan nan, da yamma a rumfar garka, na tuɓe masa takalman, ya rufe ido, na ɗaga tsinken. Wani tsuntsu ya ɗauke mini hankali, hannuna na sama ban kai ga taɓa shi ba.

“Na ji,” in ji shi, yana janye ƙafar yana dariya. “Amarya, kin cika mugunta, wanga cakulkuli hwa?”

Na dubi tsinken a hannuna. Na gane ya daɗe yana cewa ya ji alhali bai ji ba, don in koma Tawa da farin ciki. Na taya shi dariyar, na ce ai ango ya warke, amma hawaye na zubo mini, na gode Allah idonsa a rufe yake.

Babana yana tsaye a bakin rumfar, ya ga komai.  Ya ɗebo ruwa a buta, ya durƙusa kamar yadda Inna ta ce yana yi kowace yamma, ya ɗora ƙafar surukinsa a kan cinyarsa. Ya wanke ta, ya bi tafin da babban yatsa yana neman ƙaya, ya duba tsakanin yatsu, ya shafa man kaɗe a fason. Kakana ya buɗe ido ya gan shi, ya ja amawali ya rufe baki har zuwa hanci, ya kau da kai wajen jaki. Sannan ya miƙa masa ɗaya ƙafar.